Gyambon Kawu da Ƙasar Suri

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da wani abokina malamin asibiti. Saƙo ne ya zo daga Maiyama cewa kawuna, mahauci, ya yi wata huɗu da gyambo a bayan hannu, har Sarkin fawa ya ce ya ajiye wuƙa saboda ana raɗe-raɗin kuturta ce. Kawu ba shi da gona. Wuƙar nan ita ce abincin gidansa.

Jihar Kebbi dai sabuwa ce a lokacin, amma hanyar tana nan da ramukanta, tsohuwar Fijon da muka shiga ma lambar Sakkwato take ɗauke da ita. A Jega muka karya da kunu da soyayyen kifi, sannan muka ratsa Aliero don abokina ya sauke kwalin magani. Albasa ta yi arha a garin kamar a ce ɗebi kyauta. Direba ya cika bayan mota da ita, mu kuma muka sha wari har muka komo Jega muka kama hanyar Maiyama.

Mun iske Kawu a zaure bayan azahar, ya ɓoye hannun cikin riga. Gyambon zagayayye ne, bakinsa ya tasa, an shafe shi da jar ƙasa. Abokina ya wanke shi, ya ɗan tsikari yatsun Kawu da allura. Kawu ya zabura.

“Baba, mai kuturta ba ya jin wannan,” in ji abokina. “Ina kake samo ƙasar nan?”

Ashe wani suri ne a bayan mahauta, inda Kawu ya saba shanya fatu. Wani ya ce masa ƙasar suri tana busar da miki, shi ke nan kullum dab da magariba sai ya je ya tona sabuwa. Ga kuma wani ƙaramin ƙurji ya fara fitowa a ƙafarsa.

Da yamma muka je wurin. Abokina ya bubbuga bakin wani rami, sai ga wasu ƙwari masu launin ƙasa suna tsalle-tsalle, ba su kai rabin sauro ba, kuma ba sa kuka irin nasa. Ya ce a ramukan suri da tsagar bango suke yini. Su ciji gafiya ko ɓera, su ciji mutum, su bar masa ƙwayar cutar. Gidan sauro ma ratsa shi suke yi. Ciwon yana warkewa ya bar tabo, kuma ba a ɗaukarsa ta naman da mahauci ya taɓa.

Kawu ya kalli surin. “Ashe inda nika ɗibar magani, nan ciwon shike? To Likita, ba ni za ka hwaɗa ma ba. Taho mu tai wurin Sarkin hwawa.”

Sarkin fawa ya saurara har ƙarshe. Ya ce in an naɗe hannun, Kawu ya dawo bakin aiki, amma masu saye ba a hannunsa suke ba.

Washegari da hantsi, kafin mu tashi, Kawu ya hura wuta ya gasa mana tsire da kansa, karo na farko tun da ya ajiye wuƙa. Ya naɗe a takarda ya miƙo mini yana murmushi. A mota abokina ya ci, direba ya ci. Ni na ce cikina ne ba daɗi.

Mun iso gida da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa ƙwaron da ido bai cika gani ba yana iya raba mutum da sana'arsa, kuma bayani ba ya wanke ƙyama rana ɗaya. Ni na kawo malamin asibitin, a gabana aka yi komai, amma na kasa cin tsiren kawuna. Wallahi na ji kunya, har yanzu ina jin ta.