Jan layi ƙarƙashin tagar direba

Ranar Asabar muna haɗa kaya za mu tashi daga gidanmu na Glenwood, sai maigidana ya ciro wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa daga kwali, ya ɗauki tsumma zai goge. Na riƙe hannunsa na ce, "Ba datti ba ne, aikin Baba ne."

Mahaifina ya yi aikin reluwe a Kafanchan kafin ya dawo wurinmu da zama. A nan ya shiga sayen ƙananan jirage masu sheƙi yana mai da su tsofaffi. Yakan ɗebo jar ƙasar bayan gida ya shanya, ya tankaɗe da rariyata ba tare da ya tambaye ni ba, ya bi taragu da burushi. Gareji kullum warin fenti. Yakan ce jirgin da bai kwashi ƙura ba bai kai kowa gida ba.

Wata rana na tarar yana jan wani siririn jan layi ƙarƙashin tagar direba.

"Baba, tsatsa ce?"

"Tofin goro ne. Direbanmu ta nan yake tofarwa, iska ta ja shi baya."

Sauran taragun suna nan fes, bai kai kansu ba ya rasu. Na ɗebi ƙasar nan cikin leda kafin mu miƙa makullin gidan. Taragon farko da na gwada shafa wa ƙasar kamar an tsoma shi a miya, amma sai na gama su.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya sa ƙurar da ka kwasa ta kai ka gida.