Kwano Huɗu da Goro Don Gwiwar Tanti

Ku ƙaryata ni in kun ga dama, amma tafiya daga unguwar Kirkissoye zuwa unguwar Yantala, a gari ɗaya, ta fi ta Agadas wuya.

Tanti Hanatu, ƙanwar babana, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, za a cire mata gwiwar da ta lalace a sa ta ƙarfe. Likitocin baƙi ne, ranar aikin ce ta ƙarshe kafin su koma ƙasarsu. Sharaɗi biyu: ƙarfe bakwai a kilinik, kuma ko ruwa kar ya wuce maƙogwaronta. Ga matsalar: Tanti ba ta taɓa mayar da hannun wanda ya miƙo mata abinci ba, wai rashin tarbiyya ne.

Kirkissoye, biyar da rabi. Matan majami'a sun zo addu'a, kowace da kwanonta. Koko, fari masa, dambun kopto, wato na zogale. Duk wanda aka miƙa sai in tare: "Yau ni ne bakinta." Kwano huɗu na share a tsaye.

Kan gada, shida da kwata, muna cikin taksi. Raƙumi mai kayan tabarmi ya durƙusa a tsakiyar hanya, ya ƙi tashi. Motoci har ba a ganin ƙarshensu.

Na ce wa direba, "Shofer, babu dabara?"

"Sai dai ka sauka ka lallashe shi."

Ina leƙe ta taga, ashe wata Bazabarmiya da muke taksi ɗaya ta ɓallo goro. Kafin in waiwayo ya kai leɓen Tanti. Na fizge kamar shirwa, na haɗiye ko taunawa babu.

Da ƙyar raƙumi ya tashi. Yantala, bakwai saura minti uku. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Madam, kin ci wani abu?"

Tanti, mai gaskiyar tsiya: "Na lashi goro."

Matar ta rufe takarda, ta shige wajen mai allurar barci. Minti goma tana ciki. Ta fito: "Lasa ba ci ba ne. Ku shigo da ita."

Aiki ya ɗauki awa biyu. Ni kuwa koko da goro sun kaure da faɗa a cikina, a banɗakin kilinik na yi jiran.

Gida, bayan kwana biyar. Tanti ta taka da sanduna biyu. Mun gode Allah, mun gode wa likitoci. Na tara matan majami'a ina ba su labarin yadda na ceci gwiwar nan da cikina. Tanti ta nuna ni da sanda:

"Kai Dauda, rufe mana baki! Ni aka yanka, amma kai aka ji nishinka har bakin titi."