Lasifikar Kawu

Jiya a kasuwar Maigatari na ga lasifikar marigayi Kawu ɗaure bisa motar mai tallar magani, tana kashe kunne. Da katakonta na gane ta, wanda Kawu yake gogewa da tsohuwar hularsa.

Shi a hankali yake kunna kayan sautinsa a ɗakinsa, har ka ji numfashin mawaƙi. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, in na mutu kada a raba su. Tare suke magana."

Na ce to. Amma ɗan 'yar'uwa ba shi da ta cewa a gado. Ina zaune lasifika ɗaya ta tafi Gagarawa, ɗaya Ɗanzomo, amfilifaya mai ƙara musu sauti ta tsaya Gumel.

Na tsaya har motar ta wuce. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kabarinsa ya fi ɗakin nan nasa natsuwa.