Inna Ta Ƙi Biyo Ni

Daga Ƙofar Ran

Ana kiran assalatu na fito, ko koko ban tsaya sha ba. Tun da aka bugo waya cewa ruwa ya cinye ɗakuna biyu da rumbu a gidan yayana Sale a Zungur, zama ya gagare ni. Mahaifiyarmu Inna tana ɗakin da ya rage, shi ma an ce ya tsage. Niyyata in yi jaje, in ɗauko ta. Mai keke ya sauke ni a tasha, na shiga wata tsohuwar bas da ta ƙi cika sai da rana ta fito. Ni kuwa sai leƙe nake ta taga kamar ni ce kwandasta.

A hanya

Ba mu gama fita daga gari ba musu ya ɓarke. Wani dattijo mai carbi ya ce zunubi ne ya jawo ambaliya, tunda matan yanzu ba sa jin magana. Bakina bai iya shiru ba, na tambaye shi wane zunubi rumbun yayana ya yi. Direba ya ce shi dai abin da ya sani, kwalbatin da muka wuce tun bara yake toshe da shara, kowa sai ya ce Allah ya kyauta ya yi gaba. A shingen 'yan sanda kowa ya kama bakinsa. Inda ruwa ya zaizaye hanya muka sauka, mai acaɓa ya ƙarasa da ni, zanena duk taɓo.

Zungur

Na tarar da 'yan jaje cike da tabarmi. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya mayar da alheri, Yaya ya ce amin. A wurin jaje ba a tambayar laifin wa, don haka ba wanda ya faɗi abin da kowa ya sani: a kan hanyar ruwa ya yi ginin. Da na ga har an fara buga sabon tubali a gurbin da ya rushe, raina ya ɓaci. Na ja shi gefe. Ya ce ƙaddara ce, ko a kan dutse ka yi gini abin da aka rubuta sai ya same ka. Zancen ɗauke Inna kuma, wai so nake a ce ya kasa riƙe uwarsa.

Na shiga wurin Inna, tsagar bango har hannu na shiga. Na fara ɗaure mata kaya, ta riƙe ni.

"Ajiye, Hauwa. Ruwan nan bai yi ɓatan kai ba, tun ina amarya nan yake bi. Allah ya saukar da shi, amma ba Allah ya ɗora tubali a gabansa ba."

"To ki taso mu tafi mana, Inna."

"In na bi ki, gobe yayanki zai mayar da 'ya'yansa wurin nan. Muddin ina kwana a ɗakin nan, ba zai iya barci ba. Sai ya kai ginin kan tudu zan fita."

Na yi roƙo, na yi kuka, ta tura mini kwanon ɗanwake ta ce in ci in kama hanya.

Komawa

Ni kaɗai na dawo, na iso unguwarmu Ƙofar Ran bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa waɗanda suka yi ɗawainiya da ni a hanya. Ina cire mayafi na ji iska ta sauya. Na fita tsakar gida, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Zungur, wayar Yaya kuma ba ta shiga.