Kawu Bala da Rigimar Fim ɗin Satar Yara

Duk wanda ya taɓa shiga tasin Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata, ya san birkinsa. In ka faɗi abin da bai yi masa ba, ba ya musu da kai. Sai ya taka birki, ya kashe mota, ya miƙa hannu ya buɗe maka ƙofa. "Sauka!" Ko a tsakiyar gada ne, wallahi sai ka sauka.

Da fim ɗin nan na satar yara ya fito, gari ya ɗauka, rabin fasinjojin Kawu a ƙafa suke ƙarasa tafiya. Kun dai tuna yadda 'yan siyasa suka mai da shi abin faɗa. Masu mulki na cewa 'yan adawa ne suka shirya shi don su ɓata ƙasa, 'yan adawa kuwa na rabon tikiti kamar shinkafa.

Ran nan ya ɗauko ni daga kasuwar Wuse, ina gaba, sai wani mai babbar riga a baya ya ce, "Oga direba, ai duk sharri ne. Wa ke satar yara a Abuja? Kamfen ne kawai."

Ƙiiii!

"Sauka."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani mana. Kai ne wanda zai taka da ƙafa."

Na kusa da shi, mai hular 'yan adawa, ya tuntsire da dariya. "Ka burge ni, Baba! Fim ɗin nan shi zai kawo mana ƙuri'a."

Kawu ko waiwaya bai yi ba. "Kai ma bi shi. Ku ƙarasa muhawarar a rana."

Abin da ya faru a unguwar Kuchigoro ya fi wannan. Wani ɗan takara ya kafa rumfa da rana tsaka, ya tara matan da rikici ya koro daga garuruwansu, wai zai nuna musu fim ɗin. Ga masu kyamara a gefe suna jiran wadda za ta fara kuka. Rashin kunya ƙarara! Kawu ya kawo fasinja ya tarar. Kai tsaye ya wuce ya kashe janareta.

"Matan nan 'ya'yansu suke nema! A cikinku wa ya taɓa dawo wa wata da ɗanta?"

Mai shirya taron ya taso yana huci. "Kai ɗan wace jam'iyya ne?"

"Jam'iyyar masu kashe janareta. Kunna ka gani."

Ni ma ban tsira ba. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, kana ta korar mutane, kai ko kallon fim ɗin ba ka yi ba."

Ya ce, "Ke 'yar Hajara, ni za a nuna wa a bango?"

Nan take na san inda na taɓa. Kawu yana da 'ya, Maryam, tsarata. Tana shekara biyar, uwarta na cinikin tumatir a Wuse, wata mata ta ja hannunta ta shige cikin jama'a. Har yau ko labari.

Abin da ke ƙona min rai, da Kawu ya rasu, ranar ta'aziyyarsa duka ɓangarorin biyu, masu mulki da 'yan adawa, suka zo, kowa da mai ɗaukar hoto, kowa na cewa marigayi nasu ne. Mama Rahila, mai abincin tasharsu, ita ta miƙe da ludayi a hannu. "Wane naku? Ko sunan yarinyarshi kun sani?" Suka hau kallon juna. Babu wanda ya sani. Ta raka su har bakin titi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sanyaya maka makwanci yadda zuciyarka ba ta taɓa sanyi ba a duniya. Maryam kuma, in tana raye, Allah ya sa hannun da ke riƙe da ita mai tausayi ne. Amin.