Matta, Lamba Goma Sha Biyu

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, na fara ganin Matta Andrawus. Maza biyu ne suka sauko da ita daga keke suka zaunar da ita gaban teburina, a sashen ƙashi na asibitin da nake aikin akawu. Na rubuta: shekara saba'in da ɗaya, gwauruwa, unguwar Gwallaga, sana'a kunun zaƙi. Shekara talatin tana durƙuso gaban tukunya, har gwiwarta ta dama ta cinye.

"Ɗana, rubuta da kyau," in ji ta. "Ni ban iya karatu ba, amma na san mummunan rubutu."

Likitoci baƙi za su zo a Nuwamba su sauya wa mutum goma sha biyu gwiwa kyauta. Matta ce ta goma sha biyu. Na goma sha uku, wanda zai shiga in wani ya faɗi, ƙanen mijinta ne, Zakka, tsohon direba mai shekara sittin da takwas. Tare suke zuwa awo, suna tsokanar juna irin ta mace da ƙanen miji. Yana ce mata "matarmu", tana ce masa "gurgun direba".

Ƙa'idar tiyatar a takarda take. Ba abinci awa shida kafin a shiga. Saura awa biyu, a sha kwalba ɗaya ta ruwan zaƙi garai-garai da asibiti ke bayarwa, don kada yunwa ta galabaitar da tsoho. Ban da madara, ban da kunu, ban da duk abu mai kauri, don yana iya tasowa ya shaƙe mutum bayan allurar barci. Nas ta yi wa Matta bayani a gurguje, ta miƙa mata takardar. Zakka ne mai karanta mata takardu.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, ita ce ranar ƙarshe. Za a shiga da Matta ƙarfe tara, likitocin su kama hanya ƙarfe ɗaya. A littafin masu dubiya na rubuta: 6:40, Zakka, filas ɗaya. Ban tambaye shi abin da ke ciki ba. Kowa da filas yake zuwa dubiya.

Abin da ya faru a ɗakin da aka kwantar da Matta, ita ta faɗa mini daga baya.

"Matarmu, wannan ruwan banzan za ki sha ki shiga gaban wuƙa? Ke da kika shayar da Gwallaga kaf?"

"Sun ce shi kaɗai."

"Abu mai zaƙi suka ce. Ni na karanta takardar ko ke? Kunun gyaɗa ne, na sa an dama miki da asuba, har da madara."

Ba a mayar da kunun dubiya. Ta sha kofi ɗaya, ta ce tsamiya ta yi kaɗan, ta ƙara na biyu. Ta miƙa masa kofin.

"Kai ba za ka taɓa ba, gurgun direba?"

"Na ƙoshi, matarmu."

Ƙarfe 7:05 ya fito yana dogara sanda, ya tsaya gaban nas, ina ji. "Sista, tsohuwar nan fa ta sha kunu. Na hana ta, ta ƙi. Kada ta mutu muku a kan tebur." Nas ta tambaye shi ko shi ya ci wani abu. Ya ce tun jiya bai sa komai a baki ba sai kwalbarsu, ya ciro ta daga aljihu ya nuna.

Awa shida daga bakwai ƙarfe ɗaya ke nan, lokacin tafiyar likitocin. Babban likita ya ce a sauya suna. Ni na ɗora rula a kan sunanta na ja layi. Da aka turo Zakka a gadon tiyata ta gaban ƙofarta, tana zaune da rigar asibiti, an riga an yi wa gwiwarta alama da biro. Ya ɗaga mata hannu.

"Baɗi, matarmu!"

Na nuna wa shugaban sashe littafina: 6:40, filas ɗaya. Ya ce ai ba ɗura mata aka yi ba.

Likitocin ba su dawo baɗi ba. Gwiwar hagu ma ta tafi. Matta ta bar sana'a, 'yarta Cecilia ta ɗauke ta zuwa Gubi, inda ta yi wata goma sha huɗu ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba. Ta rasu ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025. Na je jana'izar. Mutum shida suka ɗauki akwatin, Zakka ne a gaba ta dama, ba sanda.