Giɓin da Malam Shaibu ya Bari

Litinin: Tawa zuwa Madawa

Ƙarfe biyar saura kwata, ana kiran assalatu, Illa direba ya tsayar da mota a ƙofar gidanmu. A lokacin ni mai buga takardu ce a ofishin Tawa na wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, wadda ke dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don su tare wa gonaki iska. Shekara uku ina aikin, ban taɓa ganin ko ɗaya daga itatuwan da nake bugawa a takarda ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da tafintanmu, sai aka ce Hajara, wato ni, ta je, tunda tana jin Faransanci kuma bakinta ba ya gajiya.

A jakata akwai wasiƙar da na buga da hannuna ranar Juma'a, ta sallamar Malam Shaibu, mai riƙe mana aiki a yankin Tama. An ba shi dashen da zai ƙarasa tsofaffin layuka takwas daga tudu zuwa tudu, amma wata goma sha huɗu ke nan takardunsa na nuna layukan ba su cika ba. Ba a rubuta cewa sayar da dashen ya yi ba, sai dai abin da kowa ke faɗa ke nan a ofis, kuma ni ce kan gaba.

Shugabanmu Bature ne, ana ce masa Mai Taswira, don ba ya fita mota sai da doguwar takarda naɗe a hamata. Mutumin kirki ne, yana cin tuwo da hannu, amma ya yi imani da miƙaƙƙen layi. Shi ya ce ba zai kori mutum ba sai ya ga wurin da idonsa.

A shingen fita gari jandarma ya duba takardar tafiyarmu, ya leƙo ya dube ni.

"Wagga hwa?"

"Ita ta bakin Anasara yau," in ji Illa.

Ƙarfe bakwai da rabi muka kai Tsarnawa, wajen kilomita ɗari da goma, muka karkata gabas. A Galmi na sayi ƙosan dala biyar, Illa ya tsaya cinikin albasa har Mai Taswira ya fara duba agogo. Tara da rabi muna Madawa, amma hatimin da za a buga wa takardarmu ya zaunar da mu bakin ofishin hukuma har azahar, don mai hatimin ya tafi suna.

Na sauka gidan Madam Rabi, mai riƙe da ma'ajin kayanmu na Madawa. Ta yi mini tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta aika aka sayo kilishi. Da na gaya mata abin da ya kawo mu, ta ajiye ludayi.

"Shaibu taurin kai garai, amma ba ɓarawo ba na."

"Yaya Rabi, ni na buga lambobin. Lamba ba ta ƙarya."

"To, ki tahi ki gani," ta ce, ta ƙara mini miya.

Talata: Madawa zuwa Buza

Mun tashi ƙarfe bakwai. Kilomita hamsin da 'yan kai ne, amma jar hanya ce mai gargada, ta ci mana awa biyu da taya ɗaya. A Buza muka shiga gandun renon dashe, wanda Mushe Garba ke shugabanta (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci). Mata ne jere a inuwa suna cika ledoji da ƙasa, shi kuwa yana zagawa yana taɓa ganye ɗaya-ɗaya kamar mai duba jarirai. Ya tabbatar mana Malam Shaibu ya ɗauki dashensa cif, da amalanke, babu ko ɗaya da ya rage. Na ji daɗin jin haka, kuma ba na alfahari da wannan jin daɗin.

Da la'asar aka gangara da mu wani wuri kusa da gari, inda aka dasa layuka daidai yadda taswira ta ce. Gefe da gefe itatuwa sun tashi, amma tsakiya sai guntaye, an cinye kansu, shingen ƙaya a tattake. Mai gadin wurin, wani dattijo bisa raƙumi, ya ce shekara uku ke nan ana sake dasa tsakiyar nan, kuma bara har an fasa wa wani makiyayi kai. Mai Taswira ya rubuta a littafinsa cewa a ƙara ƙaya. Muka kwana Buza.

Laraba: Tama

Ƙarfe takwas muka isa ƙauyen Malam Shaibu, gaba kaɗan da Tama. Malam Shaibu gajere ne mai furfura a gemu, manomi, bokon Hausa kawai ya yi a ajin yaƙi da jahilci. Ya san abin da ya kawo mu, amma sai da muka sha fura kafin ya yarda a yi maganar aiki.

Ban san haka itatuwanmu ke yin kyau ba. Jeri biyu-biyu, kore shar, sun fi tsayin soro, kuma karan geron da aka girbe a tsakaninsu ya yi kaurin da ban saba gani ba. Muna bin layin farko sai ga shi ya yanke. Fili fetal, taku talatin, sa'an nan ya ci gaba. Layi na biyu haka, na uku haka, har na takwas.

Mai Taswira ya warware takardarsa. A kanta layukan miƙe suke, babu giɓi ko ɗaya. Ya ce in tambayi Malam Shaibu ina itatuwan wurin nan.

"Ku taho ku tsaya tsakiya, ku dibi arewa," in ji Malam Shaibu.

Muka tsaya. Daga nan ne na ga giɓin ba a warwatse suke ba. Kowane yana kallon na gabansa, sun yi hanya guda mai lanƙwasa tun daga gindin dutse har gulbi. Dama da hagun hanyar kuwa ƙananan dogon yaro ne jere, kowane da kewayen ƙayarsa. Dashen da muka ce ya sayar ke nan.

"Wanga burtali na," ya ce. "Tun kakannimmu nan shanun Hilani ka bi su sha ruwa. Wanda yaz zana takardarku cikin rani yaz zo, sa'adda gona da hanya duk ƙasa guda ta. In na toshe shi, ta cikin icce za su bi, kuma kun ga abin da ya hwaru Buza."

Muna nan tsaye garke ya gangaro, don lokacin kaka ne, makiyaya sun dawo daga arewa. Muka ja gefe. Shanu suka bi ta giɓi ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba ta ratse ba. Dattijon da ke bayansu ya gaisa da Malam Shaibu hannu bibbiyu, ya ce mana tun da aka bar musu hanyarsu, su da kansu ke korar awakin gari daga dashen.

Fuskar Mai Taswira ta yi ja. Ya ce wannan dabara ce mai kyau, amma don me mutum zai yi shiru wata goma sha huɗu, ya bar mu muna zarginsa? Na fassara, har da ɗan ƙarin zafi nawa.

"Ban yi kurum ba," in ji Malam Shaibu. "Kowane wata ina hwaɗi. Takardar da kuka aiko muna gida ukku gare ta: wanda anka dasa, wanda yar rayu, wanda yam mutu. Babu wurin dalili. Sai in juya bayanta in rubuta."

Ni nake karɓar takardun nan. In kwashe lambobi uku, in buga, in jefa takardar cikin kabad. Ban taɓa juya ko ɗaya ba. Mai Taswira yana kallona yana jiran fassara, kuma a filin nan kaf ni kaɗai ke jin harsunan biyu sosai. Da na ce dattijon ya ce ya manta, da maganar ta wuce a haka. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba, kuma na ji tsoron aikina.

Na fassara yadda ya faɗa, kalma da kalma, sa'an nan na ce ni ce ban juya ba.

Mai Taswira ya ce shi kuma shi ya tsara takardar mai gida uku. Ya karɓi wasiƙar sallamar daga hannuna, ya yage ta gida huɗu, ya zuba a aljihu. Ya durƙusa ya shimfiɗa taswirarsa bisa yashi, ya miƙa wa Malam Shaibu fensir, ya ce ya zana masa burtalin nan, kuma in ya yarda, sati mai zuwa ya je Buza ya nuna musu nasu.

Da muka juyo na matsa kusa da Malam Shaibu.

"Baba, ka yahe mani."

"Ashe ke ta mai injin," ya ce yana murmushi. "Ni ina ta cewa ko rubutuna na ba shi karantuwa. Ba komi, ɗiyata. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Matarsa ta ɗaura mana zabi biyu a bayan mota, ta ƙi jin a'a.

Alhamis: Keita zuwa gida

Mun koma Buza mun kwana, ƙarfe shida muka kama hanyar Keita. Duwatsu ne da kwazazzabai, motar tana hawa tana nishi, sai sha ɗaya saura muka isa. A gefen tuddai mata ne ke ɗaukar dutse a ka, suna jera shi don tare ruwan sama. Mai riƙe mana aiki a can, Malam Agali, ya ba mu shayi zagaye uku, Illa kuwa bai bari an kai na biyu ba sai da ya zazzage masa labarin jiya. Malam Agali ya yi dariya, sa'an nan ya dube ni.

"Ni ma baya nika rubutu, Hajara. Mu duka haka muka yi."

Daga Keita zuwa Tawa wajen kilomita saba'in ne. Mun shigo gari ƙarfe biyar, na ce wa Illa ya sauke ni ofis. Na buɗe kabad, na kwaso takardun shekara uku na zube bisa tebur, na shiga juyawa. Mushe Garba yana cewa rijiyar gandu ta fara zubewa. Malam Agali yana cewa a daina aiko dashe bayan ruwa ya ɗauke. Madam Rabi tana neman a gyara rufin ma'aji. Na Malam Shaibu goma sha huɗu ne, da fensir, kowace ta fara da gaisuwa. A ƙasan ta ƙarshe ya rubuta: "In akwai mai karantawa, shi amsa mani ko da layi guda."

Na sa farar takarda a inji na amsa masa, shafi biyu. Sauran na jera su bisa teburin Mai Taswira, bayansu yana kallon sama.

Ana kiran magariba na shiga gida da zabuwa ɗaya a hannu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Illa, da Yaya Rabi, da duk wanda ya ba mu ruwa a hanya. Godiyata mafi girma ga Malam Shaibu ce, wanda ya yi wata goma sha huɗu yana gaishe ni ban amsa ba, kuma bai daina ba.